Sukari da tsufan jijiyoyin jini

Jama'a, mun san tiyon ban ruwa na lambu. Sabo yana da taushi, ruwa na wucewa cikin sauƙi. Idan ya daɗe a rana, sai ya ƙandare, ya tsage. Haka jijiyoyin jininmu suke. Shekaru na tsufar da su, amma akwai abin da ke gaggauta tsufansu.

Mene ne insulin?

Idan mun ci tuwo ko mun sha fura, abincin yakan zama sukari a cikin jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi tana fitar da sinadari mai suna insulin. An gano shi a 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Shi ne ke buɗe wa sukari hanya ya shiga tsoka, ya ba mu ƙarfin aiki.

Idan jiki ya ƙi jin insulin

Teɓa da yawan zama sukan sa jiki ya daina jin insulin sosai. Sai gaɓar nan ta ƙara yawan wanda take fitarwa. Duk da haka sukari da maiƙo su riƙa taruwa cikin jini. Su ne ke ɓata cikin jijiyoyi sannu a hankali. Bangon jijiya ya yi kauri, ya yi tauri, hanyar jini ta ƙuntata. Dole zuciya ta ƙara wahala wajen tura jini. Daga nan hawan jini ke samun ƙofa, da ciwon zuciya, da na ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki.

Wannan ɓarna takan fara shekaru kafin ciwon sukari ya bayyana, kuma ba ta da zafi. Magidanci na jin garau, alhali jijiyoyinsa sun girme shi. Wasu sukan ga fatar wuya ko ta hammata ta yi duhu, ta yi kauri. Ba dauɗa ba ce, alama ce.

Me ya kamata mu yi?

1. Mu rage sukari a shayi da fura da koko.
2. Mu rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.
3. Mu yawaita wake, zogale, rama da kuɓewa.
4. Mu motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Noma da tafiya a ƙasa duk suna ciki. Da rani ma kada mu zauna.
5. Mu bar taba.

Wanda ya kai shekara 40, ko mai teɓa, ko wanda ciwon sukari ke cikin danginsu, ya je asibiti a auna jininsa. Idan awon hawan jini ya kai 14 da 9, ko sukari ya kai giram 1,26 a lita kafin karin kumallo, a koma a sake awo, a bi shawarar likita. Rigakafi ya fi magani.