Gaskiya ko Jita-jita: Asusun Ritaya na Yara a Amurka

A Amurka iyaye kan buɗe wa 'ya'yansu asusun ajiyar ritaya tun suna ƙanana, galibi wanda ake kira Roth IRA. Dokar haraji ta 1997 ce ta kafa shi, aka sa masa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware. Maganarsa tana yawo a tsakanin 'yan uwanmu mazauna can, amma ta cakuɗe da kurakurai da ya kamata mu tace.

Kowane yaro ana iya zuba masa kuɗi

Ba haka ba ne. Sharaɗin shi ne yaron ya sami kuɗi da guminsa a wannan shekarar, kamar ta renon 'ya'yan maƙwabta, yankan ciyawa ko aikin hutu a kanti. Goron sallah da kuɗin kashewa ba sa cikin lissafi. Ruɗanin ya taso ne saboda doka ba ta yanke mafi ƙarancin shekaru ba. Mutane suka riƙe wannan rabin maganar, suka bar sharaɗin aiki.

Sai ainihin kuɗin da yaron ya samu za a zuba

Wannan ma ba haka ba ne. Uba, uwa ko kaka duk suna iya biya daga aljihunsu, muddin bai wuce abin da yaron ya samu ba. Yarinyar da ta sami dala 2,000 ba za a zuba mata fiye da haka ba, duk da cewa iyakar shekarar 2025 dala 7,000 ce. Abin da ya haura, hukumar haraji tana cin tarar kashi 6 cikin ɗari a kansa duk shekara har a cire shi.

Kuɗin na wanda ya buɗe asusun ne

Na yaron ne tun ranar farko. Babban da ya sa hannu mai riƙon amana ne kawai. Da yaron ya kai shekarun da jiharsa ta yanke, galibi 18 ko 21, ragama ta koma hannunsa. Da yake mun saba ganin mai sa hannu a banki shi ne mai kuɗi, kuskuren ba abin mamaki ba ne.

Ba a taɓa kuɗin sai an tsufa

Jin an ambaci ritaya ne ya haifar da wannan tsoro. Uwar kuɗin da aka zuba ana iya cire ta kowane lokaci, ba haraji ba tara. Ribar ce ke da sharaɗi: wanda ya cire ta kafin shekara 59 da rabi zai iya biyan haraji da tarar kashi 10 cikin ɗari. Akwai rangwame, kamar dala 10,000 don sayen gidan farko.

Asusun kuɗin ruwa ne

Ba lallai ba ne. Asusun mazubi ne kawai, mai riƙon amana ke zaɓar hannun jarin da za a saya. Akwai jarin da ke bin ƙa'idar Musulunci, irin na Amana da kamfanin Saturna Capital ke gudanarwa. Sai dai kasuwa tana hawa tana sauka, babu mai ba da tabbacin riba.

Duk mai niyyar buɗewa ya fara adana shaidar aikin ɗansa: ranar aiki, wanda ya biya, da adadin kuɗin.