Unguwar 'Yan Silima Da Gwadabe Ya Raba Biyu

A yammacin ƙasar Amurka, cikin Jihar Kalifoniya, akwai birnin Los Anjalis, watau inda unguwar Holiwud take, cibiyar masu shirya wasan silima. Kudu da Holiwud akwai wani tudu da aka yanka filayensa a farkon ƙarni na 20, attajiran Turawa suka giggina manyan soraye. Sunansa a takarda West Adams Heights, amma da baƙar fata suka zauna a ciki sai suka raɗa masa Sugar Hill, Tudun Sukari ke nan.

Tun asali an sa wani sharaɗi cikin takardun gidajen, cewa ba za a sayar wa baƙin mutum ba, ba kuwa za a ba shi haya ba. Sai ga karayar ciniki ta 1929 ta auko, kuɗi suka yi wuya, masu hali kuma suka fara ƙaura zuwa Beverly Hills. Wanda bashi ya kama, ai ba ya duban launin mai saye. Cikin 1938 Norman Houston, wani babba a kamfanin inshora na baƙar fata, ya sayi gida a nan. 'Yan wasa suka biyo baya, har da Louise Beavers, da Ethel Waters, da Hattie McDaniel.

Ita Hattie ɗin nan ta isa a tsaya a kanta. Ita ce baƙar fata ta farko da ta sami lambar Oscar, cikin 1940, saboda wasan da ta yi a Gone with the Wind. Duk da haka, a daren bikin ba a bar ta ta zauna tebur ɗaya da abokan wasanta Turawa ba, can gefe aka ajiye ta. Mai karatu ya auna abin da mallakar gida a kan tudun nan zai zama ga mace irin wannan.

Cikin 1945 waɗansu Turawan unguwar suka kai ƙara, suna neman a fitar da baƙaƙen bisa ga tsohon sharaɗin. Hattie ta tara maƙwabta, suka ɗauki lauya Loren Miller. Da aka zauna a watan Disamba, Alƙali Thurmond Clarke ya kori ƙarar, ya ce Gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka ya hana kotu ta tilasta irin wannan sharaɗi. Cikin 1948 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke makamancin hukuncin nan ga ƙasa baki ɗaya. Hattie ta rasu a 1952, tana ganin an gama yaƙi.

Ashe da sauran rina a kaba. Abin da masu ƙara suka kasa yi a gaban alƙali, sai ga ofishin hanyoyi ya yi shi da fensir da taswira. Cikin shekarun 1950 hukumar hanyoyi ta Kalifoniya ta shata wani gwadabe daga tsakiyar birni zuwa Santa Monika a bakin teku, layin kuwa ya bi ta tsakiyar Tudun Sukari. Mutanen unguwar suka kai kuka, suka ce baƙin da aka tasa ba shi da zaɓin inda zai koma kamar Bature, gama ƙofofin unguwanni da yawa a rufe suke gare shi ko da doka ta buɗe su. Ba a sauya layi ba. Dokar 1956 kuma ta ƙara wa aikin ƙarfi, don Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan hanyoyi. A farkon shekarun 1960 katafila ta shiga, aka share layin gidajen Berkeley Square ƙaf, ragowar unguwar ta rabu gida biyu. Gidan Hattie a titin Harvard ya tsira, yana nan tsaye, sai dai ƙugin motoci ba dare ba rana.

Gaskiya ne ba baƙaƙe kaɗai gwadabe ya taɓa ba, don a 1951 an rushe gidan da Rudolph Valentino ya zauna a Whitley Heights saboda hanyar Holiwud. Amma da aka shata wata hanyar ta cikin Beverly Hills, attajirai suka tsaya kai da fata, har aka soke ta a shekarun 1970.

Mu ma a Kano mun san ciwon. Babu mai musun cewa manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga Sharaɗa da Challawa da Bompai suna bukatar hanya mai faɗi, mutumin Ɗorayi da ke kwana cikin cunkoso ya fi kowa sani. Amma a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa da siminti, masu kula da kayan tarihi suna kuka. Idan ƙofar gari mai ɗaruruwan shekaru ba ta tsira ba, ina ga gidan talaka wanda ba shi da takardar mallaka sai shaidar mai unguwa? A ganinmu lokacin jin ta bakin jama'a shi ne kafin safiyo ya kafa turaku, tun layin yana kan teburin ofis ana iya goge shi. In an riga an shafa jan fenti a bango, maganar da ta rage ita ce ta diyya, diyya kuwa tana biyan kuɗin bulo da kwano, ba ta biyan maƙwabtaka ta shekara talatin.