Wankin Ƙoda ta Ciki: Hattara ga Mai Ciwon Suga da Masu Jinyarsa

Ciwon suga na kan gaba cikin cututtukan da ke kashe ƙoda. In ƙoda ta gaza, yawancinmu wankin inji muka sani, wanda ake tace jini a asibiti. To, akwai kuma wankin ciki da ake yi a gida. Likita zai dasa siririyar roba kusa da cibiya, a bar wurin ya warke kamar mako 2. Daga nan a riƙa ɗura ruwan magani kusan lita 2 a ciki ta robar, ya zauna awa 4 zuwa 6 yana janyo datti ta tantanin da ya lulluɓe hanji, sannan a fitar da shi a zuba sabo, galibi sau 4 a rana.

Ke nan aikin nas ya dawo hannun 'yan gida, kuma kafin sallama za ta koya musu abu biyu.

Na farko, ruwan nan da kansa akwai suga a ciki, kuma jiki na shan wani kaso. Sugan majinyaci zai iya hauhawa ko da bai sauya cimarsa ba. Sai a yawaita gwaji, a rubuta a littafi, a bar wa likita gyaran allurar insulin.

Na biyu, robar nan ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Kafin a taɓa ta, a rufe taga, a kashe fanka, musamman lokacin hazo, a sa takunkumi, a wanke hannu da sabulu a busar. Ciwon suga kan rage gani, ya kuma sa yatsu su mutu murus, don haka a samu ɗa ko mata su koyi haɗa robar a gaban nas. Ban da wanka a rafi ko kududdufi. A kuma kula da taurin bayan gida, domin yakan hana ruwan fita.

Duk ledar da aka tara ruwan da ya fito a cikinta, a ɗora ta kan takarda mai rubutu. In rubutun ya karantu tsaf, madalla. In ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa, ko ciki ya ɗau ciwo, ko zazzaɓi ya taso, alamar kumburin tantanin ciki ce. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen ƙwaya a kemis. A ɗauki majinyaci da ledar gaba ɗaya a kai asibiti a ranar, domin jinkiri kan kai ga cire robar, har ma da rasa rai.