Jirgin da ke ciyar da jiragen yaƙi a tsakiyar teku

Yau za mu yi hira bisa wani irin jirgin ruwa na soja. Ba shi ne ke shiga gaba wurin faɗa ba. Amma in babu shi, sauran jiragen ba su yin nisa. Ana ce masa jirgin guzuri.

Teku faɗi gare ta. Jiragen yaƙi suna yin wata da watanni bisa ruwa, nesa da ƙasarsu. A can babu kasuwa, babu gidan mai. Ruwan teku kuwa gishiri ne, sai an tace shi kafin a sha. In mai ya ƙare, inji ya tsaya. In abinci ya ƙare, soja ya rasa ƙarfi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa jirgin guzuri ke tafiya tare da rundunar.

Ga misali daga ƙasar Faransa. Sojan ruwanta suna da wani jirgin guzuri mai suna Jak Shabaliye. An ƙera shi a garin San-Nazer. An saka shi ruwa a shekarar 2022, aka miƙa shi ga soja a shekarar 2023. Masaukinsa tashar Tulon. Tsawonsa mita 194, wato kusan filin ƙwallo biyu. In an cika shi da kaya, nauyinsa ya kai tan dubu 31. Mutum 130 ke aiki cikinsa.

Mine ne yake ɗauka? Yana ɗaukar mai lita miliyan 13. Ku yi lissafi: in babbar motar dakon mai tana ɗaukar lita dubu 30, sai an tara mota fiye da 400 kafin a cika shi. Yana kuma ɗaukar kaya tan 1.500: abinci, makamai da kayan gyaran inji. Akwai ɗakin likita a ciki. Jikinsa bango biyu ne, don in na waje ya huje, mai ba ya zuba ya ɓata teku.

Babban aikinsa shi ne rakiyar Sharl Digol, jirgin ruwan nan da jiragen sama ke tashi da sauka bisa bayansa. Shi Sharl Digol da ƙarfin nukiliya yake tafiya, ba ya shan mai. To amma jiragen saman da ke kansa suna sha, kuma mutane kusan 2.000 da ke cikinsa suna ci kullum.

Ƙaƙa ake ba da kayan? Jiragen ba su tsayawa. Suna jerawa kafaɗa da kafaɗa, suna tafiya da gudu ɗaya, wajen kilomita 22 a awa. Tsakaninsu mita 30 zuwa 50 kawai. Da fari, a harba siririyar igiya daga wannan jirgi zuwa wancan. Da ita ake jawo igiyar ƙarfe mai kauri. Sannan a rataya tiyo bisa igiyar ƙarfen, a tura mai. Akwatunan abinci da makamai su ma ta igiya suke ƙetarawa. Wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ke ɗaukar su. Jirgin guzuri yana iya ba jirgi biyu kaya a lokaci guda, ɗaya dama, ɗaya hagu.

Aikin nan akwai haɗari. Ruwan da ke gudu tsakanin jiragen yana iya jan su su yi karo. Igiyar ƙarfe in ta tsinke tana iya kashe mutum. Ga mai, ga makamai: ƙaramar wuta ta isa ta jawo babbar hasara. Saboda haka matuƙi ba ya ɗauke ido, kuma kowa ya san inda zai saki igiya da gaggawa in abu ya ɓaci.

Ke nan, ƴan uwa, in kun ji rediyo ta ce wata runduna ta yi wata biyar a teku, ku san akwai jirgin guzuri a tare da ita. Abokan gaba ma sun san haka, shi ya sa ake gadinsa ƙwarai.