Yaran da Birtaniya ta kwasa zuwa ƙetare, da yadda jikokinsu ke bin sawunsu

Idan aka ambaci mulkin mallakar Birtaniya, mu kan tuna abin da ta yi wa ƙasashe irin tamu. Amma ta yi wa 'ya'yan talakawanta ma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Daga 1869 zuwa shekarun 1930, an kwashi yara sama da 100,000 daga gidajen marayu da unguwannin talakawa aka kai su Kanada aikin gona da aikatau. Wata mata mai suna Maria Rye ce ta kai ayarin farko, sannan ƙungiyoyin agaji irin su Barnardo's suka karɓe, ita kaɗai ta tura kusan 30,000. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu akalar ta karkata zuwa Ostireliya, wasu kuma aka kai su Niyu Zilan da Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau. Ba a daina ba sai wajen 1970.

Hujjar da aka bayar ita ce za a ba yaran sabuwar rayuwa, amma akwai lissafi a ciki: a rage wa gwamnati nauyin ciyarwa, a samar wa manoma masu aiki da arha, a kuma yawaita farar fata a ƙasashen da aka mallaka. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙaryar da aka yi. Da yawa an ce musu iyayensu sun mutu, alhali suna raye. Uwa ta ajiye ɗanta a gidan reno saboda babu, ta dawo ɗaukarsa a ce mata wani ya karɓe shi riƙo, nan kuwa yana cikin jirgin ruwa. A Bindoon da ke yammacin Ostireliya, yaran ne da kansu suka yi aikin ginin makarantarsu, kuma daga baya shaidun duka da lalata suka fito fili.

Asirin ya tonu ne a 1986, lokacin da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, Margaret Humphreys, ta samu wasiƙa daga wata mata a Ostireliya tana cewa an sa ta a jirgi tana 'yar shekara huɗu, tana so ta san ko ita wace ce. A 1987 Humphreys ta kafa Child Migrants Trust. Firaministan Ostireliya Kevin Rudd ya nemi gafara a 2009, Gordon Brown na Birtaniya ya biyo a 2010.

To, ta ina jika zai fara? Mu nan sai ka zauna gaban kaka ta zayyano maka dangi har kakan kaka. Su kuwa kakan nasu shi kansa bai sani ba, ko kuma kunya ta hana shi faɗa har ya mutu. Don haka sai takarda. Ana farawa da takardar aure ko ta mutuwa a ƙasar da yaron ya girma, sai kundin ƙidayar jama'a. Na Kanada na 1901 da 1911 da 1921 suna nuna shekarar da mutum ya shigo ƙasar, kuma idan ka ga yaro haifaffen Ingila zaune a gidan manomi da sunan bara ko ɗan riƙo, sunan mahaifinsa daban da na maigidan, ka kama bakin zaren. Da wannan shekarar ake neman jirgin. Ma'adanar tarihi ta Kanada tana da jerin sunayen yaran a intanet, ta Birtaniya da ke Kew kuma tana da sunayen fasinjojin da suka fita daga 1890 zuwa 1960.

Sunan jirgi da na ayari su ne ke nuna ƙungiyar da ta turo yaron, kuma a nan ne naman yake. Fayil ɗin Barnardo's, alal misali, kan ƙunshi dalilin karɓar yaron, sunan uwarsa, adireshinta, wani lokaci har da hotonsa ranar da aka kawo shi. Sai dai fa ba kowa ake buɗe wa ba, sai ka nuna shaidar kai jininsa ne, kuma akwai jira.

A ganina mafi wahala shi ne takardun ma suna ƙarya. An canza wa wasu suna, an sauya ranar haihuwa, an raba wa da ƙani kowa gonarsa daban. Shi ya sa masu binciken ba sa yarda da takarda ɗaya sai wata ta gaskata ta, kuma yanzu gwajin ƙwayoyin gado na DNA yana haɗa dangin da alƙalami ya raba.

Ga waɗanda aka kai Ostireliya lokaci na ƙurewa, domin mafi ƙanƙantarsu yau sun haura sittin. Bayan wani kwamitin bincike ya ba da shawara a 2018, gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya kowane ɗayansu fam 20,000, wanda kuma ya rasu kafin 1 ga Maris na wannan shekarar, iyalansa ba su da rabo.