TAURA BIYU BA TA TAUNUWA: LABARIN MANYAN KAJI DA ƘWANSU

Duk wanda ya shiga kasuwar kaji a Kano ko Kaduna ran jajiberin Salla ya ga fararen kajin nan na gidan gona, jibga-jibga, suna kwance suna haki. Mai saye ya ɗaga ɗaya ya ji nauyi, a ce masa ba ta cika wata biyu a duniya ba. Sau da yawa mun ji mutum ya ce bari ya bar zakara ɗaya da kaji biyu a gida don iri. Bayan 'yan watanni sai ka tarad da shi yana zugum, ƙwan bai taka kara ya karya ba, wanda aka samu kuwa da yawansa baragurbi. To, dalilin wannan shi mu ke so mu bayyana wa masu karatu, don kada wani ya sake yin asarar tsabarsa.

ASALIN AL'AMARIN

Mafarin abin a ƙasar Amurka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani kamfanin kantunan abinci mai suna A&P, da taimakon Ma'aikatar Gona ta ƙasar, ya shirya gasa don a samo kaza mai faɗin ƙirji da saurin girma. Aka yi karon ƙarshe cikin 1948 a jihar Delaware, wani makiyayi, Charles Vantress na California, ya zo na ɗaya da kajin da ya samu ta gama irin Cornish da irin New Hampshire.

Tun daga nan dabara ɗaya a ke bi. A auna 'yan tsaki, a ware waɗanda suka fi nauyi, su ne za su haifi na gaba, haka shekara bisa shekara. Cikin 2014 masanan Jami'ar Alberta ta Kanada suka ba da labarin wani gwaji da suka yi. Sun kiwata irin 1957 da na 1978 da na 2005 da abinci iri ɗaya. Da suka kwana 56, na 1957 giram 905 ya yi, na 1978 giram 1,808, na 2005 kuwa giram 4,202. Watau girman ya ninka fiye da sau huɗu, abincin da a ke bukata don samun kilo ɗaya na nama kuma ya ragu da wajen rabi. Lalle wannan ba ƙaramin aiki ba ne, gama shi ya sa talaka ya ke cin naman kaza a ƙasashe da yawa.

ABIN DA AKA BIYA

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Cikin 1957 wani malami, Paul Siegel, ya fara wani gwaji a jami'ar Virginia Tech. Ya raba kaji 'yan asali ɗaya gida biyu, a ɗaya yana zaɓen mafi nauyi a mako takwas, a ɗayan mafi rashin nauyi. Bayan zuri'a 50 manyan sun ninka ƙananan wajen sau goma. Sai ga shi duka gidajen biyu haihuwa ta sami tangarɗa. Ƙananan, waɗansunsu ba su son cin abinci, sagarunsu kuma suna daɗewa ba su fara ƙwai ba. Manyan kuwa ba su san ƙoshi ba, ƙwansu ya cika aibi.

Ga yadda abin ya ke. A cikin kaza lafiyayya gwaiduwa tana nuna ne bi da bi, kusan ɗaya kowace rana, ta bi hanyarta ta sami ɓawo. Idan kaza ta yi kitse fiye da kima, sai gwaiduwa biyu ko uku su nuna tare. Wani ƙwan ya fito da gwaiduwa biyu, wani ba ɓawo, wata gwaiduwar ma ta faɗa cikin cikinta ta lalace. Ƙwai mai gwaiduwa biyu abin murna ne ga mai shayi, amma da wuya ya ba da tsako.

Zakara ma bai tsira ba. Ƙirji ya rinjaye shi, ƙafafu suna ciwo, in ya hau kaza ba ya iya daidaita jikinsa har barbara ta yiwu. Kaza takan ajiye ruwan zakara a jikinta wajen mako biyu, amma in ba a sabunta ba, sai ta ci gaba da zuba ƙwan da ba kome ciki. A wajen talotalo abin ya kai matuƙa, don fararen manyan nan na kasuwa ba su iya barbara da kansu, sai ma'aikata sun ɗebo ruwan namiji sun sa wa mace da hannu.

MAGANIN DA A KE YI

Manyan gidajen gona sun san wannan sarai. Saboda haka iyayen kajin nama ba a barinsu su ci su ƙoshi. Da awo a ke ba su abinci, sa'ad da su ke tasowa bai kai rabin abin da za su ci ba in an sake su. A kan raba mazubin abincin zakaru da na mata, in garke ya kai wajen mako 40 kuma a shigo da samarin zakaru su taimaki tsofaffin. Masu kula da hakkin dabbobi suna kukan cewa tsuntsayen nan cikin yunwa su ke kwana, maganarsu kuwa tana kan hanya. Duk da wannan hattara, cikin 2021 kamfanin Tyson, ɗaya daga cikin manyan masu naman kaza a Amurka, ya faɗa da bakinsa cewa sabon irin zakaran da ya ɗauka ya rage masa ƙyanƙyasa, tilas ya koma wa na da.

SHAWARA GA MUTANENMU

Fararen kajin da mu ke saye suna 'yan tsaki jikokin wannan zaɓe ne. An yi su don yanka, ba don iri ba. Daɗin daɗawa gauraye ne na gidaje huɗu, ko sun haihu 'ya'yan ba za su fito kamar iyayen ba. Wanda ya ke son ƙwai, akwai Shika Brown wadda masana suka fitar a Shika, kusa da Zariya. Mai son nama da ƙwai gwargwado, akwai FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, wadda aka yi wa rajista cikin 2018.

Wanda kuma ya ke zaɓen iri cikin kajinsa na gida, kada ya dubi nauyi kaɗai. Ya nemi zakara mai miƙaƙƙun ƙafafu, mai kuzari da yawan cara, ya ba shi kaji kamar goma, ya yi musu inuwa da ruwa, gama zafi ma yana rage haihuwa. Kazar Hausa wadda ta iya kwanci da renon 'ya'ya kuwa kada a raina ta don ƙanƙanta. Ita ce ta ke cika akurki baɗi. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, amin.