Ko Ka Sani? Babu Ruwa a Tozon Raƙumi

Yaron da ya tashi a Bakura ko Maradun ya saba ganin raƙumi yana jan garma da damina, da kaka kuma yana dakon buhunan hatsi zuwa kasuwar Talatar Mafara. Ya kuma saba jin ana cewa tozon nan rumbun ruwa ne, shi ya sa dabbar take ratsa hamada ba ta jin ƙishi. Maganar ba haka take ba. Kitse ne zalla a cikin tozo, wanda a jikin ƙosasshen amale yakan haura kilo 30, kuma amfaninsa shi ne ya ciyar da raƙumi ranar da kiwo ya yanke. Har cikinsa ma ba shi da wata jaka ta musamman da yake ɓoye ruwan kwanaki. Abin da ke fid da raƙumi daga hamada shi ne tattali: ruwan da ya shiga jikinsa ba ya fita sai da ƙyar. Wannan gyara yana da nauyi ga duk mai niyyar doguwar tafiya ta ƙasa zuwa wata ƙasa, musamman yanzu da hotunan motocin nan masu ɗakin kwana da madafa da makewayi a cikinsu suke yawo a wayoyinmu, har mutum ya ɗauka cewa in ya loda gidansa kacokan a bayan mota ya gama shiri. Jikin raƙumi da tarihin ayari sun nuna cewa ana auna shirin tafiya da abin da za a kashe tsakanin rijiya da rijiya, kuma yawan kaya yakan zama cikas.

Masanin halittar dabbobi Knut Schmidt-Nielsen ne ya warware sirrin tattalin ruwan raƙumi, lokacin da ya zauna a Beni Abbes cikin hamadar Aljeriya a 1953 zuwa 1954 yana auna raƙuma dare da rana. Ya gano cewa raƙumin da ya rasa ruwa yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 34 da asuba, sannan ya hau a hankali har kusan digiri 41 da la'asar kafin ya fara gumi sosai. Zafin da ya tara da rana sai ya amayar da shi cikin sanyin dare ba tare da ya ɓatar da ruwa ba, kuma wannan dabara kaɗai tana rage masa asarar kimanin lita 5 a yini. Ƙodarsa tana tace fitsari har ya yi kauri, kashinsa yana fita a bushe ta yadda za a iya hura wuta da shi, hancinsa kuma yana tare danshin numfashi kafin iska ta fita. Tara kitse a wuri guda ma yana da hikimarsa, domin da ya bazu ƙarƙashin fata da ya hana zafi fita. Da haka raƙumi yake iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyin jikinsa yana tafe da kayansa, alhali mutum yana shiga halin mutuwa tun asarar ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Idan ya isa rijiya sai ya shanye kimanin lita 100 cikin 'yan mintuna, kuma ƙwayoyin jininsa, masu siffar ƙwai, suna jure wannan kumburi ba su fashe ba. A lura da abu guda: ruwan nan da ya sha biyan bashin kwanakin baya ne, yana mayar da abin da ya rasa.

Duk da wannan baiwa, mutanen da suka fi kowa sanin raƙumi ba su taɓa dogara da jikinsa kawai ba. Ayarin gishiri na Abzinawa yana tashi bayan damina, wajen Oktoba da Nuwamba, daga yankin Agadas ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, ya ɗauko kantu da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa ya musanya su da gero da tufafi. Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. Kafin madugu ya ba da izinin tashi, an yi makonni ana kiwata raƙuma, ana yankar ciyawa ana ɗaurewa dami-dami, ana gyara salka da igiya. Tun da babu kiwo a Tenere, ayari yana ɗauke da abincin dabbobinsa, kuma yana sauke wasu damman a hanya domin ya tarar da su a dawowa. Ana kayyade kayan kowane raƙumi, galibi tsakanin kilo 150 da 200, ana ɗaure su a jere da akala, ana tafiya daga safe har dare ba a zama, saboda kowace rana da aka ƙara a hanya ƙarin ruwa ce da ba a da shi. Madugu ya san rijiyar da ke gaba da kwanakin da ke tsakani, ya san abin da zai yi in ya tarar ta ƙafe.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin jiya ne, mota tana yin tafiyar mako guda ta raƙumi a yini ɗaya. Gaskiya ne, kuma saurin nan ya ceci rayuka da dukiya masu yawa. Sai dai mota ta gaji dokar ayari tun ranar da ta fara shiga hamada. Motocin Citroën guda biyar da suka fara ratsa Sahara daga Tugurt zuwa Tambutu, tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923, sun isa ne saboda an riga an kai musu mai an jibge a zango-zango, daidai da yadda ayari yake ajiye damin ciyawa. Akwai kuma bambanci mai ban tsoro tsakanin dabba da inji. Raƙumi yana gajiya a hankali, mai shi yana ganin alamu, yana rage masa kaya, kuma in ɗaya ya faɗi sauran suna nan. Mota kuwa lafiya lau take har zuwa daƙiƙar da ƙarfe ɗaya zai karye, daga nan tafiyar awa shida ta koma ta kwana shida a ƙafa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara 'yan yankin Kance a jihar Damagaram, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Ruwan da ke cikin motocin bai kai na kwanakin da lalacewar ta jefa su ciki ba.

Wani kuma zai ce ai mota mai ɗaki daban take, tana da tankin ruwanta da faifan sola da firji. Nan ne lissafi yake kunyata sha'awa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin irin waɗannan motoci yawanci bai wuce lita 100 da 'yan kai ba, mutum kuma a zafin hamada yana iya buƙatar lita 8 zuwa 10 a yini don sha kawai. Iyali mai mutum huɗu zai ga ƙarshen tankin a kwana uku, ban da alwala da girki da abin da lagireto zai nema. In aka ce a ƙara jarkoki, sai nauyi ya hau, kuma yawancin motocin an ƙera su ne kada su wuce kilo 3,500 da komai da komai, iyakar da lasisin tuƙi na gama-gari ya yarda da ita a Turai. Gado da kabad da makewayi sun riga sun cinye mafi yawan wannan nauyi. Mota mai nauyi tana nutsewa a rairayi, tana shan mai fiye da yadda take sha a kwalta nesa ba kusa ba, tana karya sifirin a hanyar da ta lalace. Ƙafar raƙumi faffaɗa ce mai laushi, tana buɗewa in ta taka yashi, shi ya sa direban hamada yake rage iskar taya domin ta baje. Amma rage iska ba ya ceton motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta.

Akwai masu ganin cewa taswirar waya ta maye gurbin madugu. Taswira za ta nuna wa mai tashi daga Bakura hanyarsa tsaf: Sakkwato, Illela, Birnin Ƙonni, Tawa, Abalak, Agadas, Arlit, Assamaka. Abin da ba za ta faɗa masa ba shi ne ko gidan man da ke gaba yana da mai yau, ko hanyar lafiya take, ko iyakar a buɗe take. Aikin madugu ya haɗa da sanin sarakunan hanya da kuɗin fito da wuraren da 'yan fashi suke tarewa, kuma mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin darajar wannan sani. Takardu su ne rijiyoyin matafiyin yau: fasfo, biza, katin rigakafin shawara, inshorar mota, da takardar izinin shiga da mota na ɗan lokaci da kwastan suke nema. Su ma suna ƙafewa ba zato. An rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Wanda ya shirya tafiyarsa da labarin bara zai iya kwana a bakin shinge da cikakken tanki.

Ba wanda yake cewa a ajiye mota a koma kan raƙumi. Abin da ake nema shi ne mai mota ya yi tambayoyin madugu kafin ya tayar da inji. Nawa nake kashewa a yini na ruwa da mai da kuɗi, ina ne wuri mafi nisa tsakanin zango biyu, kuma in motar ta tsaya a tsakiyarsa kwana nawa zan iya jira? Daga amsar ake sanin abin da za a ɗauka da abin da za a sauke, a zaɓi lokacin sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a nemi abokan tafiya domin kada mota ta shiga daji ita kaɗai, a sanar da wani a gida ranar da ake sa ran isa kowane gari. Idan lissafin ya ƙi fita, a jira har ya fita, domin sannu ba ta hana zuwa, kuma madugun kirki ana gane shi ne da yawan mutanen da ya dawo da su gida lafiya.